RA'AYINMU: Sanyin Ɗakinka, Zafin Maƙwabcinka

Kowace shekara, da zarar sanyin hunturu ya ja baya, bazara ta kankama cikin watan Maris da na Afrilu, akan sami wata irin husuma da ke tashi tsakanin maƙwabta a unguwannin da ke arewacin kogin Kaduna, tun daga Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa, har ya zuwa Malali da Unguwar Rimi da Kabala da Tudun Wada. Husumar a kan wani akwatin ƙarfe ce da ake kafawa a bayan bango, watau rabin iyakwandishan ɗin nan da ke zama a waje. Wani ya kafa nasa daura da tagar ɗakin kwanan wani, yana ta ruri dare farai, yana huro iska mai zafi, yana ɗigar da ruwa a gindin katanga. Idan wanda abin ya dama ya daure ya yi magana, sai a ce masa baƙin ciki yake yi don Allah ya buɗa wa ɗan'uwansa. Daga nan sai gaisuwa ta yanke, mata su daina aika wa juna ɗauki, yara kuma a hana su taka zauren juna.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mujallar ɗalibai da wannan, alhali ga tsadar kuɗin makaranta, ga ƙarancin ɗakunan kwana, ga rashin aiki na jiran kowa a bakin ƙofa? Da ruwanmu ƙwarai. Da yawa daga cikinmu haya suke yi a waɗannan unguwanni, kuma ɗakin da ɗalibi ke iya biya shi ne na can ƙurya, mai taga ɗaya tak wadda ke kallon bayan gidan wani. Mu ne ke bayan tagar nan a yau. Nan da shekara biyar ko shida kuwa, in Allah ya kai mu, mu ne za mu karɓi albashi mu nufi kanti mu sayo akwatin, sa'an nan wasu daga cikinmu za su zauna a ofisoshin da ke sa hannu a takardar izinin gini. Saboda haka gara mu yi maganar tun muna gefen da ake hura wa zafi, domin wanda ya koma gefen sanyi ba safai yakan tuna ba.

Abin da ya kamata kowa ya fara ganewa shi ne iyakwandishan ba ya ƙirƙirar sanyi, ba ya kuma kashe zafi. Aikinsa ɗaya ne: ya kwashe zafin da ke cikin ɗaki ya fitar da shi waje, kamar yadda famfo ke janye ruwa daga rami ya zubar a wani wuri. Bugu da ƙari, wutar lantarkin da ya sha domin yin wannan aiki ita ma zafi take komawa, ta bi ta nan waje. 'Yan'uwanmu masu karatun injiniya za su gasgata mana wannan lissafi: na'ura mai ƙarfin doki 1 da rabi, irin wadda aka fi sa wa ɗakin kwana, tana janye zafin da ya kai wat 3,500 daga ɗaki, tana shan wutar da ta kai kimanin wat 1,200, don haka abin da take watsowa waje ya haura wat 4,500. A taƙaice, kamar a kunna dutsen guga na lantarki guda 4 ne a ajiye su ƙarƙashin tagar mutum, a sa musu fanka tana kora hucinsu ciki. Ashe ke nan wanda ya ce zafin ɗakinsa ya ƙaru tun ranar da maƙwabcinsa ya kafa na'ura ba sharri ya yi ba. Har masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka sun nuna cikin 2014 cewa hucin iyakwandishan na ƙara zafin dare da fiye da digiri 1 a wasu sassan birnin Finiks. In har huci zai iya ɗumama birni guda, to ina ga lungun da faɗinsa bai wuce taku biyu ba?

Me ya sa iyayenmu ba su san wannan rigima ba, ga shi kuwa iyakwandishan ya daɗe a Kaduna? Amsar tana cikin yadda aka yanka garin. Sa'ad da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan cikin 1917, ƙa'idar da Gwamna Lugga ya shimfiɗa ita ce a bar fili na yadi 440, ba gini, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da gobara da hayaniyarmu. Gidajensu kuwa kowanne a tsakiyar makeken fili yake, da itatuwa kewaye. Waɗannan gidaje ne manyan ma'aikatanmu suka gada bayan 1960, kuma a bangayensu ne aka fara huda ramin nan mai kusurwa huɗu ana cusa tsohon iyakwandishan mai rugugi. Ya yi ta rugugi iyakar ƙarfinsa, babu wanda zai ji sai mai gadi da itatuwan mangwaro. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji cikin 1975, kayan lantarki suka fara shiga gidajen matsakaitan ma'aikata, amma ko a sa'an nan gidajen gwamnati suna da sarari tsakaninsu daidai gwargwado.

Yau labari ya sha bamban ta fuska biyu. Na'urar ta sauko daga unguwar manya ta shiga unguwannin da fuloti bai wuce ƙafa 50 da 100 ba, inda mai gida ke cinye kowane taku da ɗakunan haya har sai bangonsa ya kusa gogar na maƙwabcinsa. Unguwar manyan kanta an yayyanka ta, filin da a da gida ɗaya ne a cikinsa yanzu sai ka ga benaye shida ko takwas a jere, kowane da akwatuna huɗu ko biyar maƙale a ƙugu. Tsarin da masanin birane na Ingila, Max Lock, ya zana wa Kaduna cikin 1967, wanda aka nufa ya kai garin har 2017, tuni yawan jama'a ya shanye shi. Daɗin daɗawa, rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sa mutane da yawa sun ƙaura, wasu suka haye kudancin kogi, wasu suka hayo arewa, kowa ya matsu a gefen da yake ganin ya fi masa aminci. Abin dariya, abin kuka: Bature ya bar yadi 440 don kada ya ji motsinmu, mu kuwa mun kasa bar wa junanmu yadi biyu.

To, bari mu dubi ƙarar kanta, tunda ita ce aka fi jayayya a kai, mai na'ura yana cewa shi ba ya jin kome, maƙwabci yana cewa ya kwana bai runtsa ba. Dukkansu gaskiya suka faɗa, domin an ƙera irin na zamani ne musamman don a raba shi biyu, a bar wa mai shi rabin da ba ya ƙara, a fitar da injin da fankarsa waje. Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Akwatin waje mai lafiya yakan ba da desibel 50 zuwa 55 idan an tsaya ƙafa uku daga gare shi, tsoho kuwa wanda ya sha gyara yakan wuce haka nesa. Ƙa'idar taƙaita ƙara da hukumar kiyaye muhalli ta tarayya, NESREA, ta fitar cikin 2009 ta ce a unguwar zaman jama'a kada ƙara ta wuce desibel 50 da rana, da dare kuwa, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, kada ta wuce 35. Inda gidaje suka cakuɗa da kantuna an ɗaga zuwa 55 da 45. A fili buɗaɗɗe, duk sa'ad da nisa ya ninka ƙara kan ragu da desibel 6. Idan mutum ya bi lissafin zai ga cewa akwatin da ke ba da 55 sai an yi nisan ƙafa 30 da 'yan kai da shi kafin ya sauko 35. Wane fuloti ne a Badarawa ko Unguwar Shanu zai ba da ƙafa 30 tsakanin bango da tagar maƙwabci? Ballantana a lungu ƙarar ba ta da wurin tserewa, sai ta yi ta dukan bango tana dawowa. Wannan ya nuna mana cewa a unguwanninmu tazara ba za ta yi magani ba. Abin da ya rage shi ne wane bango aka zaɓa, ina kuma aka fuskantar da bakin na'urar.

Kada wani ya ɗauka rashin barci ƙaramin abu ne. Ƙarar iyakwandishan ba ta tafiya bai ɗaya kamar ta ruwan sama a kan kwano, wadda kunne kan saba da ita. Injin yakan tsaya, mutum ya fara gyangyaɗi, sa'an nan ya tashi da wani irin gurnani da girgiza, kejin ƙarfen da aka kewaye shi da shi don gudun ɓarayi ya kama kaɗawa. Mutumin da ke bayan tagar ba shi da dabara sai ya rufe ta. Shi ke nan an kai ga inda abin ya fi ba mu tsoro: ɗaki guda, rufin kwano, mutum shida ko bakwai a ciki, taga a rufe, cikin watan Afrilu. Wannan kuwa shi ne lokacin sanƙarau, cutar da ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan cikin 1996, mafi yawansu a Arewa, kuma abin da ma'aikatan lafiya ke nanatawa kowace bazara shi ne a rage cunkoso a bar iska ta ratsa ɗaki. Talaka ba shi da na'urar sanyi sai tagarsa da tsakar gidansa inda yake shimfiɗa tabarma. Duk wanda ya tilasta masa rufe tagar, ya kore shi daga tsakar gidan, ya ƙwace masa ɗan abin da yake da shi ne, ko da kuwa bai yi nufin haka ba.

Sai maganar ruwa. Da damina, sa'ad da iska ke ɗauke da laima, na'ura guda na iya tsiyayar da lita 1 ko fiye cikin awa guda. Yawancin masu haɗawa sukan bar bututun yana reto a jikin bango, ruwan ya sauka inda ya ga dama. In katangar ƙasa ce sai ya ci gindinta a hankali, in ta bulo ce sai gansakuka ta kama, in lungu ne sai ya zama ɗan tafkin da sauro zai yi ƙwai. A nan ne mamaki ya fi kama mu, domin babu Bahaushen da bai san hukuncin indararo ba. Tun kaka da kakanni, magini ba ya kafa indararo ya fuskantar da shi cikin gidan wani, kuma in ya kuskura ya yi, ba a bukatar lauya kafin dattawan unguwa su sa a juya shi. Indararo kuwa sai an yi ruwan sama yake zuba. Ga wani sabon indararo ya zo wanda ke zuba ko sama ba gajimare, ya haɗa da huci da ruri, amma don an sayo shi da tsada daga kanti sai muka kasa gane shi.

Magabata ba su bar irin wannan lamari ga sa'a ba. A ƙarni na 14 an yi wani babban magini a birnin Tunis, Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya dubo gini idan maƙwabta sun kawo ƙara, ya kuma tattara hukunce-hukuncen mazhabar Malikiyya a kan gini cikin littafi guda. A ciki an yi maganar hayaƙin gidan wanka da na tanderu, da tagar da ke leƙa gidan wani, da magudanar ruwa, da girgizar dutsen niƙan da dabba ke juyawa. Har da wata dabarar awo mai ban sha'awa: a rataye takarda da zare a jikin rufin da ke kan bangon da ake jayayya a kai, a ɗora mata busasshiyar ƙwayar iri, sa'an nan a ce wa mai niƙa ya tayar da dutsensa. In ƙwayar ta motsa, an tabbatar da cutarwa, sai ya matsar da kayansa. Da irin wannan fiƙihu ne alƙalan ƙasar Hausa suka yi aiki. Abin lura a nan shi ne ba su tsaya tambayar ko mai ƙara yana da hassada a zuciyarsa ba. Sun auna abin da ke isa bango ne, suka yi hukunci a kansa.

Akwai wata rigimar kuma da ke tafe da wannan, ita ce ta wuta. A gidan haya mai mitar wuta ɗaya, inda ake raba kuɗi bisa yawan ɗakuna, ranar da ɗaya ya kafa iyakwandishan ranar zaman lafiya ya ƙare. Sa'ad da aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit cikin Afrilun 2024, na'urar da muka yi misali da ita, in ta yi awa 8 ba hutawa, za ta sha sama da naira 2,000 a dare guda, watau kusan 65,000 a wata, ga shi kuwa mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ta yaya mai ƙwan fitila biyu da fanka zai yarda a raba wannan da shi? Idan kuma aka ɗauke wuta, sai janareto ya karɓi aiki. Ɗan ƙaramin nan da mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa suna da Turancin kasuwa, mai ma'anar na-fi-maƙwabcina, ba ya ɗaukar irin wannan kaya, sai babba. Shi ma a ina ake ajiye shi? A lungun nan dai, nesa da ɗakin mai shi, kusa da tagar da muka yi ta magana a kai, da hayaƙinsa wanda kowa ya san yakan kashe mutane cikin barci.

Ba za mu yi wa masu na'ura rashin adalci ba. Zafin da ake yi yanzu ba abin wasa ba ne. Ran 3 ga Afrilun 2024 ma'auni ya nuna digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan. Kaduna ba ta kai nan ba, albarkacin tudun da take a kai, amma duk wanda ya kwana a ɗakin bulo da kwano ya san bango kan riƙe zafin rana ya yi ta sako shi har asuba. Mai tsohuwa marar lafiya a gida, ko mai jariri, ko wanda ya yi shekara yana tari don matarsa ta sami barci, bai yi laifi ba don ya sayi iyakwandishan. Mun kuma yarda akwai masu kai ƙara waɗanda ba ƙarar injin ce ta hana su barci ba, ganin abin ne a bangon wani. Mu kanmu ɗalibai, masu kunna kiɗa har ƙarfe biyu na dare bayan jarrabawa, ba mu ne za mu yi wa kowa wa'azin shiru ba. Kiran a hana na'urar ma ɓata baki ne: Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2018 cewa yawan iyakwandishan a duniya zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050, kuma ƙasashe masu zafi irin tamu ne za su sayi kaso mai yawa. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya sayi sanyi da kuɗinsa, sa'an nan ya bar wa wanda bai ci ba bai sha ba ragowar bashin ya biya da barcinsa da lafiyar 'ya'yansa.

Dokar zamani ma tana tare da wanda aka cutar. Ɗaliban lauya sun san shari'ar nan ta Abiola da Ijoma wadda Babbar Kotun Legas ta yanke cikin 1970, inda wani mutum a Surulere ya tara kaji kimanin 400 a jikin katangar da ta raba shi da maƙwabcinsa. Maƙwabcin ya kai ƙara cewa kukansu da asuba ya hana shi barci, warinsu ya hana shi sakewa a gidansa, kotu kuwa ta ba shi gaskiya, ta hana, ta kuma sa a biya shi diyya. Kiwon kaji halal ne, katangar ma ba a tsallake ta ba, amma abin da ya tsallako shi aka hukunta. Sai dai wane ɗan haya ne zai ɗauki lauya ya kai mai bene kotu a kan barci? Kuɗin shari'ar ya fi na hayarsa ta shekara, kuma ko ya ci nasara a nan zai ci gaba da zama, suna haɗuwa a masallaci da wurin mai shayi. Shi ya sa galibi maganar kan ƙare a zauren mai unguwa, inda ake cewa a yi haƙuri, zaman tare ne. Mun lura kuwa cewa a irin wannan sulhu kusan kullum mutum ɗaya ake ba haƙuri, watau wanda ba shi da na'ura. Ba laifin masu unguwa ba ne. Ba a ba su wani ma'auni da za su kafa hujja da shi a gaban mai hali ba.

Abin takaici shi ne maganin yawancin wannan rigima bai kai kuɗin na'urar kashi ɗaya cikin goma ba. Dalilin da ya sa akwatin ke sauka a bangon maƙwabci shi ne sabuwar na'ura takan zo da gajeren bututun jan ƙarfe, kowane ƙari kuwa kuɗi ne, don haka mai haɗawa sai ya huda bango mafi kusa ya rataya ya karɓi ladansa ya tafi. Da an ƙara bututu kaɗan, da an kai akwatin bangon da ke kallon titi, ko tsakar gidan mai shi, ko saman rufin siminti. Roba mai kauri a ƙarƙashin ƙafafunsa tana kashe girgiza. Kejin da aka ɗaure tamau ba ya kaɗawa. Ɗan bututun roba zai kai ruwan zuwa kwata, ko gindin shuka, ko bokiti don wanke tsakar gida. Wanda bai damu da maƙwabci ba ma ya kamata ya damu da aljihunsa, gama akwatin da aka cusa a matsattsen lungu hucin kansa yake sake shaƙa, sai injin ya ƙara wahala, ya ƙara shan wuta, ya mutu da wuri. Mafi munin ƙara kuwa daga tsofaffin na'urori na gwanjo take fitowa, waɗanda suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma ba su taɓa yankewa a kasuwa ba.

Saboda haka muna kira ga hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, wadda ke ba da izinin gini, da ta sa ya zama sharaɗi kowane zanen gida ya nuna inda akwatin iyakwandishan zai zauna, da inda ruwansa zai bi, da ɗakin janareto, kamar yadda yake nuna masai da ramin ƙazanta. Hukumar da ta iya auna bakin titi ta rushe abin da ya shigo cikinsa lokacin aikin sabunta birnin da aka ƙaddamar cikin 2019, ba za ta rasa tef ɗin auna tazarar da ke tsakanin bango da bango ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. A Singafo, gidajen benen da gwamnati ke ginawa sukan zo da ɗan dandamali na musamman don akwatin, a Honkon kuwa barin iyakwandishan yana ɗiga ya dami jama'a laifi ne da ake cin tara a kansa. Gwamnati ta fara da kanta: duk wanda ya zaga bayan ofisoshi da gidajen ma'aikata zai ga bututai na reto, bango ya yi kore shar. Hukumar kiyaye muhalli ta jiha, KEPA, ita kuma ta zauna da masu wannan sana'a ta haɗawa da gyara, domin su ne ke yanke shawarar da ke jawo husuma, cikin minti biyar, a kan tsani. Masu gidajen haya su sa a yarjejeniya cewa ba a huda bango sai da izini, su kuma raba mitar wuta ga duk mai na'ura. Ga masu unguwa kuwa, ƙa'ida ɗaya gajera wadda hukuma ta sa wa hannu za ta ishe su: kada bakin akwati ya fuskanci taga ko ƙofa ko tsakar gidan wani, kada ruwansa ya sauka a wajen filin mai shi.

Mu ma akwai namu rabon aikin. A yau kusan kowace wayar hannu ana iya sa mata manhajar auna ƙara, wadda ko da ba ta kai ta ƙwararru daidaito ba, ta isa ta nuna bambancin da ke tsakanin injin yana kunne da yana kashe. Muna ba majalisar ƙungiyar ɗalibai shawara ta nemi 'yan sashen injiniya da na tsara birane da na lauya su ɗauki unguwa biyu ko uku inda 'yan'uwanmu suka fi zama, su bi lungu-lungu da yardar masu unguwa, su auna faɗin kowane lungu da ƙarar da ke isa taga bayan ƙarfe 10 na dare, ba tare da rubuta sunan kowa ba. A shirya tun cikin watan Janairu, a yi awon cikin Maris sa'ad da kowace na'ura ke aiki, a miƙa sakamakon ga hukumomin nan biyu da majalisar ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa kafin ruwan farko ya sauka. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga alƙaluman da za su samo, da kuma amsar duk hukumar da ta ga dama ta mayar.